IEEE-488

IEEE-488, wanda aka fi sani da GPIB, tsari ne na haɗa na'urorin awo da kwamfuta ta igiya mai fil 24. Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ne ya ƙirƙiro shi da sunan HP-IB, kuma cibiyar IEEE ta amince da shi a 1975.

Layi ɗaya na ɗaukar na'urori har 15, kowacce da lambar adireshinta tsakanin 0 da 30. A tsofaffin na'urori, da ƙananan makunnai na bayan akwatin ake saita lambar.

Matsayi uku ne a kan layin: mai sarrafawa, mai magana da mai sauraro. Na'ura ɗaya tak ke magana a lokaci guda, amma masu sauraro na iya yawa. Idan mai sarrafawa ya kunna wayar ATN, duk na'urori sukan ɗauki abin da ke kan wayoyin bayanai takwas a matsayin umarni. Don naɗa mai sauraro, yakan aika adireshinsa a tara da 32, na mai magana kuwa a tara da 64. Na'urar da ke neman kulawa takan kunna wayar SRQ, sai mai sarrafawa ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ta kira.