Takarda Ko Murhu? Ɗan Tarihin Koyon Sana'ar Girki

Makalar wannan mako gardamar gida ce ta haife ta. Ƙanwata ta gama sakandare, ta ce girki take so ta riƙa a matsayin sana'a. Baba ya ce sai jami'a, Inna ta ce a kai ta wajen masu dafa abincin biki ta koya, ita kuma kwas ɗin wata shida ta gani ta ƙyasa. Kuɗin da aka tara ba zai isa a gwada duka ukun ba. Shi ya sa na koma tarihi in ga yadda kowace hanya ta samo asali.

Hanyar farko ita ce ta yaron shago. Auguste Escoffier, wanda ake kira sarkin kukuwa, an haife shi a Faransa a 1846. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi gidan abincin kawunsa a birnin Nis, ya fara daga ƙananan ayyukan kicin. A 1890 shi ke riƙe da kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan. Shi ya tsara kicin kamar rundunar soja: wannan miya, wannan kifi, wannan gashi, wancan kayan fulawa, kowa da na sama da shi. Yaro kan zagaya waɗannan sassa shekara da shekaru kafin a ba shi wuƙa da nama. Littafinsa na 1903 har yau ana karantar da shi a makarantun girki, alhali shi a bakin murhu ya yi nasa karatun. Mu ma haka muka gada. Mai tsire da mai kilishi a hannun maigida suke koyo, kukun Bature na zamanin mulkin mallaka ma yawanci daga yaron kuku ya tashi.

Hanya ta biyu, gajeren kwas, 'yar jarida ce ta buɗe ta. A 1895 Marthe Distel ta fara wata mujallar girki a Faris, sai ta riƙa gayyato ƙwararrun kukuwa suna yi wa masu karatu darasi a aikace. Daga nan makarantar Le Cordon Bleu ta fito. Manufarta a koya wa hannu aiki cikin watanni, ba tare da mutum ya share shekaru yana wanke tukwane ba.

Hanya ta uku ba don tukunya kaɗai aka yi ta ba. A 1893 masu otal-otal na Suwizalan suka kafa makaranta a Lozan, domin baƙi sun yi yawa kuma ana buƙatar waɗanda suka san lissafi, sayayya da tafiyar da ma'aikata. A Amurka kuwa yaƙi ne sila. A 1946 wasu mata biyu, Frances Roth da Katharine Angell, suka buɗe makaranta a New Haven da ɗalibai 50, don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu su sami abin yi. Ita ce ta zama Culinary Institute of America. Ku lura, sai a shekarun 1990 ta fara bayar da digirin shekara huɗu, kuma shi ma kan harkar gudanarwa ya karkata.

Abin da na fahimta shi ne, waɗannan matakai ba tsani ba ne da dole sai an hau har ƙarshe. Kowanne buƙata ce ta kawo shi. Mai son buɗe shagon cincin, kek da abincin biki, gajeren kwas da zama ƙarƙashin gwani sun ishe shi, ragowar kuɗin ya zama jari. Mai son aiki a babban otal ko kicin ɗin asibiti, inda ake tambayar takarda tun daga ƙofa, difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha za ta yi masa rana, ko horo irin na cibiyar NIHOTOUR mai reshe a Bagauda. Mai hangen kujerar manaja ko koyarwa shi ke buƙatar babbar difloma ko digiri.

Ni da na yi difloma na ga masu takarda da ba sa iya ciyar da mutum 200 a kan lokaci, na kuma ga gwanaye da aka hana ƙarin girma don ba su iya lissafin riba da faɗuwa ba. Kowanne da inda yake yoyo.

Shawarar da muka yanke a gida ita ce, ƙanwata ta yi wata uku a kicin ɗin wata mai abincin biki tukuna. In ta jure hayaƙi, tsayuwa da tashin asuba, sai a zauna a tambaye ta inda take son ganin kanta, a biya kuɗin matakin da zai kai ta can. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya yi wa neman kowa albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.