Arba'in ɗin Mai Jego: Attaura ko Al'ada?

Tun kafin mishan ta CMS ta tare a Wusasa cikin 1929, matan Zazzau ke wankan jego kwana arba'in. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai ga Littafin Firistoci, sura 12, ya yanka kwana 40 ga wadda ta haifi namiji, 80 ga wadda ta haifi mace. Kada kamannin ya ruɗe mu. Attaura hadaya ta nema, wadda Kirista suka gaskata Almasihu ya cika. Ba ta ambaci tafasasshen ruwa ko kunun kanwa ba. A 1978 kuwa likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta waɗannan da ciwon zuciyar masu jego. To, mu riƙe hutun, mu yar da azabar.