M-Pesa: Yadda Wayar Salula Ta Zama Bankin Talaka a Kenya

Kafin shekarar 2007, ɗan ci-rani a Nairobi idan zai aika wa iyayensa kuɗi ƙauye, sai ya damƙa wa direban mota ko wani ɗan garinsu, ya koma yana addu'ar saƙo ya isa. Binciken FinAccess na 2006 ya nuna kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na manyan ƙasar ke hulɗa da banki ko makamancinsa.

A 2005 kamfanonin Vodafone da Safaricom, da tallafin hukumar DFID ta Birtaniya, suka gwada wani tsari domin masu cin ƙananan basuka su riƙa biya ta waya. Sai aka lura mutane sun fi amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi. Nan aka juya akala, aka ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007. “Pesa” na nufin kuɗi da Suwahili.

Waya kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba. Masu shaguna da masu sayar da katin waya suka zama wakilai: ka ba su tsaba su saka maka a layi, ɗan'uwanka ya karɓa wurin wakilin garinsu. Kuɗin jama'a kuwa ana ajiye su a asusun amana a bankuna. Babban Bankin Kenya ya bar tsarin ya fara yana sa ido. Da bankuna suka yi ƙorafi a 2008, gwamnati ta sa aka bincika, M-Pesa ya tsallake.

Daga nan aka ɗora. A 2012 M-Shwari ya kawo ajiya da rance ta waya. Zuwa 2021, adadin nan na kashi 27 ya kai kusan 84. Sai dai sauƙin rance ya jefa mutane da yawa cikin bashi, har Babban Bankin ya wajabta wa masu ba da rance ta manhaja neman lasisi a 2022.

Najeriya ta fara ne da fifita bankuna. Sai a 2018 aka buɗe wa kamfanonin waya ƙofa, MTN da Airtel suka soma a 2022. 'Yan'uwa, abin lura shi ne: talaka yana shiga tsari idan wakili na kusa da shi, kuma doka ta tsare masa kuɗinsa.