Dondoloji: Yadda Rawa Ta Samu Kujera a Jami'a

A shekarun 1960, idan ɗalibin shari'a ko na tattalin arziki a Jami'ar Ghana da ke Legon ya so tsokanar takwaransa na makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo, sai ya ce masa dondoloji yake karantawa. Dondo ita ce gangar nan mai siririn ƙugu da ake matsewa a hammata, 'yar'uwar kalangunmu. Sai suka liƙa mata jelar sunayen fannonin boko don a yi dariya. Abin da suke nufi a fili yake: me mutum zai karanta a rawa, abin da yaro ke koya a dandali ko sisi bai biya ba? Bahaushe ba zai yi mamakin wannan gori ba. Mu ma muna son kallon rawa, amma ba mu son a ce ɗan gidanmu ne a tsakiyar fage.

Kafin Legon an riga an yi wannan taƙaddama a Amurka, kuma a can ta ƙofar baya rawa ta shigo. A 1916 wata malama a Jami'ar Wisconsin, Margaret H'Doubler, ta tafi ƙarin karatu New York. Ilimin halittu ta karanta, aikinta kuwa koyar da 'yan mata ƙwallon kwando. Shugabar sashen motsa jiki na mata, Blanche Trilling, ta ce mata ta dubo wata irin rawa da za ta dace da ɗaliban jami'a. Ta zazzaga makarantun rawa na birnin ba ta ga abin da ya kwanta mata ba, domin ko'ina kwaikwayon malami kawai ake yi. Sai da ta je ajin wata malamar kiɗa, Alys Bentley, wadda ke sa ɗalibai su kwanta a ƙasa su motsa gaɓoɓinsu, sannan ta ga bakin zaren. Wanda ke kwance nauyin jiki bai dame shi ba, yana iya lura da abin da kafaɗa da kashin baya da ƙugu ke yi.

Ta dawo ta fara koyarwa a 1917, da ƙwarangwal a aji kamar malamar ɗaliban likitanci. Ba ta tsayawa gaba ta taka a kwaikwaya. Tambaya take yi: gwiwa zuwa ina take iya lanƙwasa, me ya hana ta wuce nan? A 1926 jami'ar ta amince da digirin rawa, na farko a Amurka, amma a ƙarƙashin sashen motsa jiki. Wato dai an karɓe ta ne da sunan lafiyar jiki. Daga 1934 makarantar bazara ta Kwalejin Bennington ta haɗa malaman motsa jiki da ƙwararrun 'yan rawa irin su Martha Graham da Doris Humphrey, aka fara koyar da tsara rawa a matsayin darasi mai ƙa'ida, kamar yadda ake koyar da tsara waƙa. Sai a 1962 Alma Hawkins ta samar wa rawa sashe mai cin gashin kansa a Jami'ar California da ke Los Angeles.

A wannan shekarar ce ta 1962 aka buɗe makarantar Legon, tare da ƙungiyar rawa ta ƙasa a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka. A nan siyasa ce ta buɗe ƙofa. Shugaban ƙasa Kwame Nkrumah yana son ƙasar da ta samu 'yanci a 1957 ta ga kanta a matsayin al'umma ɗaya, ya kuma san ganga ta fi jawabi isa kunne. Mutum biyu aka ɗora wa aikin: masanin kiɗa J. H. Kwabena Nketia, da Albert Mawere Opoku, mai zane-zane da ya tashi cikin al'adun fadar Asante, ya kuma je New York ya ga yadda ake horar da 'yan rawa.

Matsalar Opoku ta bambanta da ta H'Doubler. Ita rawa take nema. Shi kuwa raye-raye sun yi masa yawa, kowace da gidanta da makaɗanta da ranar da ake yin ta. Akwai adowa da kete na Akan, akwai agbekor ta Ewe wadda asalinta na yaƙi ne, akwai bamaya da takai na Dagomba a arewa. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin takai a Tamale lokacin bikin Damba, wanda ke zuwa a watan Mauludi, zai ji kamar yana gida: maza cikin manyan riguna suna juyi a da'ira, kowa riƙe da sandar ƙarfe, yana karawa da na gabansa ya juyo ya kara da na bayansa. Aka riƙa ɗauko gwanaye daga garuruwansu suna koyarwa a Legon, aka kuma ce kowane ɗan rawa sai ya koyi na kowace ƙabila. Ɗan Ewe ya taka adowa, ɗan Asante ya ɗaura abin ƙugu na bamaya. A da ba kasafai wannan ke faruwa ba.

To amma dandamali ba dandali ba ne. A gari rawa na iya kaiwa asuba, masu kallo sun kewaye fage, wanda kiɗa ya ratsa ya faɗa ciki, makaɗi ya hango babban mutum ya sauya kiɗa ya koma kirari. A zauren wasa kuwa mutane suna zaune ne a gefe guda, sun sayi tikiti, za su koma gida. Dole Opoku ya taƙaita abin kwana guda zuwa 'yan mintoci, ya buɗe da'ira don kada a juya wa masu kallo baya, ya tsara yadda za a shigo da yadda za a fita, ya daidaita taku. Idon mai zane ya yi amfani da shi, kuma ya yi ƙoƙarin kada ya taɓa ainihin motsin. An kuma koya wa ɗalibai rubutun rawa na Rudolf Laban, wanda aka wallafa a 1928: ana karanta shi daga ƙasa zuwa sama, layin tsakiya ya raba dama da hagu na jiki, siffar alama ta nuna inda gaɓa ta nufa, tsawonta ya nuna daɗewar motsi. Yana kama taku sarai. A ganina bai iya kama hirar da ke tsakanin ɗan rawa da babban makaɗi ba, wadda ita ce gishirin abin.

An hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966, ƙungiyar ta ci gaba da aiki. A 1976 wani ɗalibin Opoku, Francis Nii-Yartey, da ya dawo da digiri na biyu daga Jami'ar Illinois, ya karɓi ragama. Shi bai tsaya ga adanawa ba. Ya ɗauki takun gargajiya kamar kalmomi yana gina sababbin labarai da su, ciki har da Musu, wasan rawa kan cinikin bayi. Wasu dattawa suka ga ya yi nisa. Da aka gina babban gidan wasanni na ƙasa a Accra a 1992, ƙungiyar ta rabu biyu: Nii-Yartey ya tafi da wasu can, sauran suka zauna a Legon suna riƙe da tsarin Opoku.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne a wajen jami'a. Waɗanda suka yi karatu a Legon sun bazu makarantu da cibiyoyin al'adu, ƙananan ƙungiyoyin unguwanni suka kwashi abin da suka gani a dandamali da talabijin. Yau idan ka tarar da samari a Accra suna gwajin bamaya ko agbekor don nuna wa baƙi, galibi jerin da Opoku ya tsara suke bi, da shigowarsa da fitarsa. Ka tambaye su, su ce maka rawar kaka da kakanni ce. Takun na kakannin ne, amma wanda ya jera su sahu-sahu suna fuskantar kujeru malamin dondoloji ne, ya kuma rasu a 2002.