Daga Yajin Aikin 1992 Zuwa Gine-ginen Gubi

Duk wanda ya bar Bauchi ya kama hanyar Ningi, ya karkata zuwa harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, zai ga gine-gine masu ɗauke da tambarin TETFund. Ɗalibai na shiga suna fita a cikinsu kullum, amma ba kowa ya san cewa tushen wannan asusu yajin aikin malamai ne ba.

An kafa makarantar a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. A 1984 gwamnatin soja ta mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1988 ta sake tsayawa da ƙafarta da sunan da aka santa da shi yau. Ta dawo ne a mummunan lokaci. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da Janar Babangida ya kawo a 1986 ya karya darajar naira, albashin malami ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, ƙwararru suka riƙa ficewa ƙasashen waje. A wannan shekara ta 1988 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aiki, gwamnati ta haramta ta.

Haramcin bai kashe ta ba. A 1992, ƙarƙashin jagorancin Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, malamai suka sake ajiye alli, aka sake haramta ƙungiyar, amma a watan Satumba gwamnati ta rattaba hannu kan yarjejeniya da ita. Da aka ce musu babu kuɗi, sai malaman suka nuna inda kuɗin suke: a ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. Dokar 1993 ta tabbatar da haka, kuma asusun ne ya rikiɗe ya zama TETFund a 2011. Wannan ita ce nasara mafi girma da ƙungiyar ta taɓa samu, kuma ba ta shiga aljihun malami ba, tubali da siminti ta zama.

Batun aljihu da nauyin aiki shi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU ta tanadi alawus ga malamin da aikinsa ya wuce ƙima: mai duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku, mai bin ɗalibai masana'antu lokacin koyon aiki, mai koyar da ajin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A jami'ar fasaha irin ta Bauchi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injiniya ba ya ƙwarewa da jin lacca kawai, sai ya taɓa na'ura da hannunsa malami na tsaye a kansa. In ɗalibai suka yi yawa, na gaba ne ke taɓawa, na baya sai leƙe ta kafaɗa. Malamin kuma ya kwashi takardun jarrabawa ya tafi da su gida, ya raba dare yana maki.

Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012, wanda ɗan Bauchi Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta, ya zagaya jami'o'i ya ƙirga malamai 37,504, kashi 43 cikin ɗari kacal ke da digirin dokta. Rahoton ne ya zama makamin yajin aikin 2013, daga Yuli zuwa Disamba, wanda a cikinsa tsohon shugaban ƙungiyar Farfesa Festus Iyayi ya rasu a haɗarin mota kusa da Lokoja, yana hanyar zuwa taro a Kano. Gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. An saki biliyan 200 na farko, daga nan sai jan ƙafa.

Gubi ta ɗanɗana ɗacin lalacewar kayan more rayuwa a watan Agustan 2019, lokacin da gadar ƙafa da ɗalibai ke bi tsakanin ɗakunan kwana da wuraren karatu ta rufta bayan mamakon ruwan sama. An yi asarar rayukan ɗalibai, aka rufe makarantar.

Sai yajin aikin 2020 na wata tara, sannan na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wanda kotun ma'aikata ta kawo ƙarshensa, gwamnati kuma ta riƙe albashi bisa dokar ba aiki ba biya. A lokacin albashin farfesa mafi girma bai kai naira dubu 500 a wata ba. Yarjejeniyar 2009 da ya kamata a sake dubawa bayan shekara uku ta bi ta hannun kwamitin Wale Babalakin, da na Munzali Jibril, da na Nimi Briggs, kafin a 2024 a damƙa ta ga wani ɗan jihar Bauchi, Alhaji Yayale Ahmed, shekara goma sha biyar bayan an sa mata hannu.