Dalilin aure da caca a Kano: al'ada, doka da adabi

Dalilin aure, wato haɗa masu neman abokan zama, da caca, wato zuba kuɗi bisa sa'a, abubuwa biyu ne da hukumomin Kano suka ɗauki matsayi mabambanta a kansu. Na farko gwamnati na kashe masa kuɗi, na biyun kuwa doka ta haramta shi. Duk da haka sukan haɗu a gida ɗaya, domin kuɗin da saurayi ke tarawa na lefe su ne wani lokaci ke salwanta a shagon cacar ƙwallo.

Mai dalilin aure

A unguwannin cikin ganuwa, tun daga Dukawuya har zuwa Kurmi, iyaye da dangi ne bisa al'ada ke haɗa aure, sannan a yi bincike kan asali da hali da sana'a kafin a kai kuɗin gaisuwa. Mai dalilin aure ya mayar da wannan aiki sana'a. Yakan karɓi hotuna da bayanan masu nema, ya haɗa waɗanda yake ganin sun dace, a ba shi lada. A yau wani kaso na sana'ar ya koma Facebook da WhatsApp, inda binciken asali ya fi wuya.

Shigowar gwamnati

A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisbah ta fara shirin auren zawarawa da ma'aurata 100. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren ma'aurata 1,800, ta biya sadakin naira 50,000 ga kowace amarya tare da kayan ɗaki. A 2024 kuma jihar ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Masu goyon bayan shirin na ganin yana rage zawarci, masu suka kuwa na cewa aure ba ya ɗorewa idan ango ba shi da abin yi.

Matsayin caca

Alƙur'ani ya hana caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma Kano na aiki da dokokin Shari'a tun 2000. A watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30. A watan Nuwamban shekarar, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, inda ta ce hurumin jihohi ne. Hukuncin ya ƙarfafa hannun Kano a kan masu shaguna.

A cikin littattafan soyayya

Marubutan Kano sun daɗe suna tambayar wanda ke da ikon zaɓa wa yarinya miji. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila?, na 1990, ya bi rayuwar yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya nuna yadda dukiya ta shiga tsakanin 'yar mai kuɗi da ɗan talaka.

A adabin Ingila, wannan jigo ya fi shahara a labaran da aka gina kan shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da Yarima George ya riƙe sarauta a madadin mahaifinsa marar lafiya. Masu hannu da shuni kan hallara a Landan kowace shekara don nema wa 'ya'yansu mata mazaje, mazan kuma na caca a kulob irin su White's. A littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, sai da aka biya bashin cacar Wickham kafin ya auri Lydia. A shirin Bridgerton na Netflix na 2020, wani uba ya cinye dukiyar auren 'ya'yansa a caca.

Bambancin shi ne, a can uban amarya ne ke haɗa ta da dukiya, a nan kuwa ango ne ke biyan sadaki da lefe, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da gara. Saboda haka caca a Kano na iya rusa shirin aure ta ɓangarori biyu.

Abin da ya rage

Hisbah na iya garƙame shago, amma manhajar caca na cikin wayar matashi, kuma kamfanonin na da mazauni a wajen jihar. Yadda Kano za ta aiwatar da ikon da Kotun Ƙoli ta tabbatar mata a kan cacar intanet shi ne batun da ya rage.