Fensir, Direba da Tiyata: Tarihin Baƙaƙen Ingilishi a Bakinmu

Da yawa cikinmu da muka yi makaranta a Wudil mun san kunyar nan: a tashe ka karatun Turanci, ka zo kan harafin p ka furta f, aji ya fashe da dariya. Mun girma muna ɗauka laifin harshenmu ne. Amma abin yana da dalili, yana kuma da tarihi.

A 1886 wasu malaman koyar da harsuna, ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, suka kafa ƙungiya a birnin Faris, wadda ta fito da haruffan rubuta sauti a 1888. A irin wannan tsari ake koyar da baƙaƙen Ingilishi 24, kowanne da tambaya uku. A ina ake furta shi: leɓɓa, haƙora, hanƙa, ganɗa ko hanɗa? Yaya iska ke fita: a tsayar da ita, a matse ta, ko ta bi ta hanci? Tantanin maƙwallato yana ziza ko ba ya yi?

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmad na Basra ya jera haruffan Larabci daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, kuma malamanmu na tajwidi sun daɗe suna koyar da mafitar haruffa kafin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909.

Da Turanci ya iso, sai kakanninmu suka auna baƙaƙensa da ma'aunin bakinsu. Bature yana da p, wanda ake rufe leɓɓa biyu a saki iska, da f, wanda leɓen ƙasa ke taɓa haƙoran sama. Mu kuwa f ɗaya gare mu, da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya haɗiye duka biyun. Daga nan muka sami fensir, famfo da fasinja. Ba mu da v, sai muka ɗauko b, mai ziza irinsa, muka ce direba da bidiyo. Sautin th, da ake sa harshe a haƙora, ya koma t a tiyata. Inda baƙaƙe suka cunkushe, muka raba su da wasali: burki, burodi. Ko'ina ka duba, sauti mafi kusa aka zaɓa.

Su ma Turawa sun sha wuya da namu. Haɗiyau ɓ da ɗ da tunkuɗau ƙ babu su a Ingilishi. An yi ta sa musu ɗigo ko waƙafi, sai a shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka zauna a rubutun boko. Wanda ya kasa bambanta ƙasa da kasa, matsalarsa ɗaya da ta yaron da aka yi wa dariya.

Yau a Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, kuma ɗalibanmu na sakandare suna fuskantar jarrabawar furucin Turanci. Abin da suke bukata shi ne malamin da zai ce musu: rufe leɓɓanka ka saki iska, wannan p ne, ɗora haƙoranka a leɓe ka hura, wannan f ne. Yaron da ya iya fitar da haruffan maƙogwaro a makarantar allo, wannan ba zai gagare shi ba.